Retinol a Fuskar Mai Gasa Agade

Ni maɗinkiya ce, ba marubuciya ba, kuma da abin da na gani a gidanmu na unguwar Bantama a Kumasi bai tsaya mini a maƙogwaro ba, da ba za ku taɓa jin sunana ba. Kekena yana kan baranda, daidai inda ake hango kowace ƙofa ta gidan hayar nan. Kar wani ya ce gulma nake yi. Ɗinki nake yi, idon ne dai ba a sa masa kwaɗo ba.

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar da ke mararrabarmu ya san Maame Dufie. Ita ce take zaune a bakin tashar, inda fasinja ke fara sa ƙafa, tana gasa agade, ƙatuwar ayabar nan, tana haɗa wa mutum da gyaɗa a takarda. Wurin ba inuwa, ga rana a sama ga gawayi a ƙasa, amma a tashar kaf babu wurin da ya kai shi ciniki. Ta haura sittin, fuskarta kuwa baƙa ce sumul, tana sheƙi. Baƙin sabulu da man kaɗe, iyakar abin da fuskar ta sani ke nan. In ka ga layi a gefen idonta, dariya ce ta yi shi.

A gidan hayarmu Maame Dufie take zaune, wurin ɗiyarta Afrakoma, a ƙaramin ɗaki take kwana. Mijin Afrakoma, Amankwa, yana sayar da kayan gyaran mota, shi ke biyan haya, kuma ba ya bari a manta. Afrakoma kuwa man fuska take sayarwa ta waya. Kullum da hantsi sai ta kafa wayar a tsakar gida, ta kunna wata fitila mai kama da zobe, ta canza murya.

“’Yan uwana mata, ku matso kusa. Wannan shi ne retinol, mai goge tamoji da tabo. Amma fa mai zuciya ne, lallaɓa shi ake yi. Ki wanke fuska kafin ki kwanta, ki bari ta bushe sarai. Ki matso kamar ƙwayar wake. Ƙwaya ɗaya na ce, ba cikin cokali ba. Ki kauce wa gefen ido da gefen baki da gefen hanci, sannan ki bi shi da mai mai sanyaya fata. Da farko sau biyu a mako ya isa, sai fata ta saba ki ƙara. In ya yi zafi ki dakata. Da safe kuma man kariyar rana dole ne, don shi da rana ba sa ga maciji. Mai ciki kar ta ko taɓa kwalbar. Kuma ki yi haƙuri, sai an yi watanni ake ganin aikinsa.”

Na ji wannan karatu har na haddace shi. Kuma a ba ta gaskiyarta, a kan fuskarta ba ta taɓa saɓa ko harafi ɗaya ba. Ko shanya za ta kwaso sai ta sa malafa mai faɗin faifai.

Matsalar ita ce masu kallo sun fara cewa, ke ai yarinya ce, nuna mana aikinsa a fuskar da ta ga duniya. Ga kuma jana’izar wata attajira mai sayar da atamfa, wadda gawarta ta daɗe a sanyin asibiti ana jiran ’ya’yanta na Turai, an sa ta ƙarshen wata. Duk wata mai kuɗi a Kumasi za ta je, kuma ta mararrabarmu za su bi. Afrakoma ta duba ranar, ta duba kwalbar, sannan ta ɗaga kai ta duba uwarta.

“Mama, zo ki zauna nan, hoto zan ɗauke ki. Ɓata rai.”

“In ɓata rai? Wa ya mutu?”

“Ba wanda ya mutu. Ina so ki fito a gajiye, kamar wadda duniya ta ishe ta. Saki kumatun. Mama, dariya fa kike yi!”

“To ai ke ce kike ba ni dariya. Ni ban iya ɓata rai ba dalili ba.”

Aka yi ta ɗauka, ba wanda ya fito yadda ake so. Afrakoma ta duba na ƙarshe ta ja tsaki. “Kin ɓata mini aiki, Mama, kin yi kyau da yawa. Bar shi haka nan dai.”

Sai ta buɗe kwalba. Ina zaune ina gani ta cika tafin hannu, ta laɓta wa tsohuwar tun daga goshi har haɓa, har fatar ido, har cikin lungun hanci, tana murzawa kamar mai shafe ɗaki.

Na tsayar da keke. “Afrakoma, ba ƙwayar wake kika ce ba? Wannan ai tukunyar waken ce gaba ɗaya.”

“Anti Konadu, wancan na fatar ’yan gayu ne. Fatar Mama ta sha wuta shekara da shekaru, ta zama ƙirgi. In ba a ba ta da yawa ba, ba za ta ma san an zo ba.”

“To watannin da kike cewa fa?”

“Ina na ga watanni? Abin da za a shafa a watanni ne zan shafa a ’yan kwanakin nan. Duk lissafi ɗaya ne.”

Haka aka kama, safe da yamma, ba fashi. Na tambayi man kariyar rana, aka ce tsada gare shi, kuma Mama da rana ai tsofaffin ƙawaye ne. Man kaɗenta ma Afrakoma ta ɗauke ta ɓoye, wai zai gurɓata gwajin. Da safe a laɓta mata, ta ɗauki tirenta ta tafi ta zauna tsakanin wuta biyu har la’asar.

Dariyar ce ta fara tafiya. Fuskar ta ɗaure tamau, in ta buɗe baki sai ta ji kamar za ta yage. Direbobi suka yi ta jan ta da wasa kamar kullum, ita kuwa sai dai ta gyaɗa kai. Wani ya ce, “Maame, yau an ci zaɓe ba da ke ba ne?” Ba ta iya ramawa ba, ita da bakinta ya fi na kowa kaifi a tashar.

Daga nan sai raɗaɗi. Gumi ya gangaro, ta ji kamar an watsa mata ruwan barkono. Gefen bakinta ya tsage. Ranar Lahadi aka daka fufu da miyar akuya mai yaji, abincin da take jira duk mako, ta kai loma ɗaya hawaye ya zubo. Ta ture kwanon ta jiƙa gari da ruwa ta sha.

“Datti ne yake fita,” in ji Afrakoma, tana tauna nama. “Alama ce mai kyau. In bai yi zafi ba, bai yi aiki ba.”

“A waya kin ce in ya yi zafi a dakata,” na ce daga baranda.

“Anti, wai ke ba ki da ɗinkin jana’iza ne a gabanki?”

Sai saɓa. Fatar ta fara tashi fari-fari, tana zuba a kan ƙirjin rigarta. A gida abin tausayi ne, a bakin murhu kuwa masifa ce. Wani kwandasta da ya shekara yana cin agadenta ya karɓi takardarsa, ya duba, ya sake dubawa.

“Maame, wannan farin abin toka ce ko?”

“Toka ce, ɗana.”

Ya kalli fuskarta, ya kalli agaden, ya ce ya tuna yana azumin coci. Kafin mako ya zagayo duk tashar ta shiga azumi. Abin mamaki, azumin bai hana su cin gasasshiyar masarar Fosuwa ba, wata mai murhu a can bayan tasha kusa da kwata, wadda ta daɗe tana kallon wurin Maame Dufie kamar yadda mage ke kallon kifi.

Wata yamma tsohuwar ta dawo da tirenta cike, ta tarar da Amankwa a kujera yana shan iska. Ta durƙusa gefe, ta yi magana a hankali saboda bakin.

“Surukina, ka yi wa matarka magana. Fuskar nan ta kai ni bango. Ciniki ya tsaya.”

Amankwa ya gyara zama irin na mai shirin wa’azi. “Mama, gida fa taro ne, kowa da gudummawarsa. Ni ina kawo haya. Afrakoma tana kawo dabara. Ke kuma...”

“Ni kuma fuska.”

“Ai ba mu ce ki biya ko sisi ba. Man da matan manya ke layi a kansa, ke kyauta kike samu, har ana shafa miki. Amma in kin ga zaman birni ya yi miki zafi, iskar ƙauye ma tana gyara fata.”

Da ya shiga ciki na jawo ta baranda, na ɗebo man kaɗena zan shafa mata, ta riƙe hannuna.

“Bari, Konadu, za ta gane. Hancinta kamar na kare.”

“Yaya, ki ce a’a mana! Fuskarki ce ko tata?”

“Ɗiyata ce. In ta samu, na samu. Kuma in na ce a’a, yau ɗin nan za a tuna ɗakin da nake kwana ya dace da ajiye kwalaye. A ƙauye me zan gasa, wa zai saya? Nan ko ba komai ina da bakin tashata. Muddin ina da wurin nan, ban zama kaya ba.”

Wallahi ranar na ji haushi har na karya allura.

Da saɓar ta lafa, abin da ke ƙarƙashi ya bayyana. Ba fatar jariri ba ce. Baƙaƙen tabo ne manya a kumatu da goshi, sun fi sauran fuskar duhu, gefensu ja, kamar gindin tukunyar da ta kama. Fatar idon ta kumbura. Maame Dufie ta duba madubi sau ɗaya ta kife shi. Ta daina fita. Ta ce bari ta ɗan huta kwana biyu, ta roƙi mai shagon kusa ya sa mata ido a kan murhu.

Na ɗauka Afrakoma za ta tsorata. Ta dai tsaya ta ƙare wa fuskar kallo, tana cizon leɓe. Can sai na ga idonta ya yi haske.

“Mama, zo waje, hoto zan ɗauke ki.”

“A haka?”

“A haka. Ɓata rai.”

Wannan karon ba a sha wahala ba, ɗauka ɗaya aka yi.

Ta kai hotunan wurin Masta Ofori mai buga alluna. Shi kuwa Masta Ofori tun da ya buɗe shago allon jana’iza ya fi bugawa, kuma ado ɗaya gare shi: zanen zinariya a gefe, gajimare a sama, fararen tattabaru biyu suna tashi. Ko buɗe shagon aski ka kai masa, da tattabarun nan za ka dawo. Ranar Juma’a aka ɗaure ƙaton allo a mararraba, daidai saman murhun Maame Dufie da ya kwana biyu ba wuta. Hotonta biyu, manya, da ɗan rubutun Turanci da ba wanda ya tsaya karantawa. A garin nan in ka ga hoton tsohuwa ya kai girman ƙofa, ga tattabaru, ai ba ka buƙatar karatu.

Asabar da safe, ranar jana’izar attajirar, kowa dama yana cikin baƙin zane da jan ƙyalle. Ina guga sai na ji kuka ya doso gidanmu. Matan kasuwa ne a gaba, hannu a ka, sai matan cocinsu, sai direbobi da kwandastoci ɗauke da kiret na lemo.

“Wayyo Dufie! Kin tafi kin bar mu da wa? Dufie, wa zai ƙara mana gyaɗa?”

Amankwa ya fito da tawul a wuya da asuwaki a baki. Kafin ya ce wani abu an zaunar da shi a kujera, mutane sun yi layi suna ba shi hannu daga dama zuwa hagu. Shi kuma yana karɓa. Da ya ga kiret ɗin ma har cewa ya yi a sa a inuwa.

“Sannu da rashi, suruki. Mun ga hoton jinyar. Ashe haka ta sha jiki!”

“Wane irin ciwo ne ya cinye fuska haka?”

Kwandastan nan mai azumi ya fi kowa kuka. “Na ga alama, na rantse na ga alama! Da na sani da na ci agaden nan, ko da tokar!”

Afrakoma ta fito cikin baƙin leshi, da malafa, da kwandon kwalabe da za ta kai wurin jana’iza. Ta daskare. “Ku tsaya, ku tsaya! Ba mutuwa ba ce, talla ce!”

“Baƙin ciki ya taɓa ta,” in ji wata dattijuwa. “Ku riƙe ta.”

Ana cikin riƙe ta ƙofar ƙaramin ɗaki ta buɗe. Maame Dufie ta fito da farin zanen barci, fuska duk tabo da saɓa, tana ƙifta ido saboda haske.

“Wa ya mutu?”

Ban taɓa sanin matan kasuwarmu suna da gudu haka ba. Wata ta haye tebur ɗin gugata. Shugabar matan coci ta faɗa bayan randa tana kiran sunan Yesu. Wani direba ya tsallake katanga ya bar takalmi ɗaya. Ni kam dariya ta kayar da ni, ina yi ina hawaye, ban san na wanne ba ne.

Da ƙyar aka dawo da su, kowa sai ya taɓa hannunta ya ji ɗumi. Aka fara dariya ana buɗe lemo. Sai dattijuwar nan ta ce, “To, Allah ya kyauta, amma sai a je a gaya wa Fosuwa.”

“A gaya mata me?” in ji Maame Dufie.

“Ai tun jiya ta kai wa shugaban tasha kwalbar giyar al’ada, ya ba ta wurinki. Ta ce ita ta fi kusa da marigayiya.”

Tsohuwar ba ta ko sa takalmi ba. Ta ɗaure zane ta fita, mu duka muka bi ta, baƙaƙen kaya reras a bayanta. Ranar na ga mamaciya ta ja gaban masu makokinta.

A bakin tasha ga Fosuwa ta baje, masara tana ƙamshi, an ture murhun Maame Dufie gefe. Da ta ga mai wurin ta ɗan razana, amma ba ta tashi ba.

“Yaya, barka da dawowa. Ni dai an riga an zuba wa kakanni giya a ƙasa, an kira sunana a kan wurin nan. Abin da aka zuba kuma ba ya komawa kwalba. Sai ki ga shugaba.”

Maame Dufie ba ta ji ta ba. Kanta yana sama, tana kallon allon. Ga fuskarta ta yau a hagu, a kumbure, a ƙone. Ga ta ran farko a dama, sumul, tana dariya har ana ganin wushiryarta.

“Konadu, ke kin yi makaranta. Me aka rubuta?”

Na karanta a zuci tukuna, sai na kawar da kai.

“Karanta mana.”

“A kan wannan ta hagun an rubuta, kafin. A kan mai dariyar an rubuta, bayan ta yi amfani da man Afrakoma.”

Kowa ya juyo ya kalli Afrakoma. Har Fosuwa ta daina fifita wuta.

“Mama, ba ƙarya na yi ba,” in ji Afrakoma da sauri. “Duka biyun fuskarki ce. Jerin kawai na canza.”

“Kuma laifin Masta Ofori ne da tattabarunsa,” in ji Amankwa, da kwalbar lemon makoki a hannu.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon matar da ke dariya a sama. Sannan ta kama bakin zaninta, ta kwance ƙullin da take ajiye cinikinta, ta miƙa wa ɗiyarta duka yadda yake.

“Sayar mini.”

“Da me, Mama?”

“Man da ya yi wa matar can wannan fuskar. Ko nawa ne ina so. Na san ta, mutuniyar kirki ce, ina so in koma ita.”

Afrakoma ba ta karɓa ba. Ta gyara malafarta don rana ta fara taɓa mata kunci, ta ce za ta makara.

Kwandon nan kuwa ko kwalba ɗaya bai dawo da ita ba. Matan da suka bi ta mararraba cikin motoci masu sanyi sun ga allo, ba su ga tsohuwa ba. Amankwa ya ce kun gani, da an bi ta masu surutu da an yi asara. Shugaban tasha ya ce shi ba ya warware abin da aka zuba wa giya, amma saboda tausayi ya ba Maame Dufie tsohon wurin Fosuwa, can baya kusa da kwata. Ni na kai ta asibiti, ma’aikaciyar ta ce a daina komai, a koma man kaɗe da inuwa, tabon zai iya dushewa a hankali, wani kuma sai yadda hali ya yi. Afrakoma ta dawo mata da man kaɗenta, har tana cewa ai dama aro ta yi.

Abin da ya hana ni barin maganar nan ke nan. Da rashin sani ne, da na ce kuskure ne. Amma har yau da hantsi ina jin ta daga baranda, da muryar nan mai laushi, tana gaya wa matan da ba ta taɓa gani ba su ji tausayin fatarsu, ƙwayar wake ɗaya, a hankali, a hankali. Ta san komai. Fuskar da ba sai an lallaɓa ba ita ce wadda take kwana a ɗakinka, take cin tuwonka, ba ta da inda za ta je.

Allon yana nan, ba a sauke shi ba. Jiya na je sayen agade a bayan tasha, don ni ban taɓa shiga azumin ba. Wata baƙuwa da ta sauka daga mota ta tsaya, ta kalli Maame Dufie, ta waiwaya ta kalli allon, ta sake kallonta.

“Maame, ba ke ce a hoton can ba? Haba, kin bari ciwon ya dawo. Me ya sa kika daina shafa man?”

Maame Dufie ta juya agaden da ke kan wuta, ta ce, “Da gyaɗa ko babu?”